Ledar da ke Idon Amarya

Kun daɗe kuna yi mini tsiya a kan leda, ku 'ya'yana. Duk abin da aka shigo da shi gidan nan sabo, kujera ce, rediyo ne, ko sirdin babur, kafin a gama yi wa mai shi barka na kai farce na yage ledar da ke jikinsa. Mahaifiyarku ta yi faɗa har ta gaji, ta koma ɓoye sababbin kwanukanta a ƙarƙashin gado. Ku kuwa kun ɗauka rigimar tsufa ce. Ba tsufa ba ne. Na so in bar maganar ta bi ni kabari, amma bara da Nasiru ya je neman aure Ikara, wani kawun yarinyar ya dube shi a gaban mutane ya ce ashe ɗan malamin nan ne da ya kashe injin kwaleji. Nasiru ya dawo gida ya kasa haɗa ido da ni. Ran nan na gane cewa shirun da na yi ba ni kaɗai yake ci ba, shi ya sa na zauna nake rubuta muku yadda aka yi.

Ba zan ambaci sunan kwalejin ba. Kun san ta, kuma har yanzu akwai mutanen kirki a cikinta. Ni ne malamin da ke riƙe da ɗakin koyon aikin hannu a lokacin da aka buɗe sabon kwas mai suna mekataronik, sunan da ko mu malamai sai harshenmu ya yi tuntuɓe kafin mu faɗe shi. Ma'anarsa dai ba wuya: kanikanci da lantarki da kwamfuta ne aka zuba a tukunya ɗaya. Injinan masana'antu na yanzu ba irin injin niƙan ƙofar gida ba ne da za ka ja igiya ya tashi. Suna da ido, suna da hannu, suna da 'yar ƙwaƙwalwar da ke ba su umarni, kuma in sun tsaya, bakanike zalla ba ya iya tayar da su, mai gyaran wuta zalla ma haka. Abin da ke ƙona mini rai a shekarun nan shi ne, tumatir namu ne, rake namu ne, daga Kudan har Saulawa mu ke noma su, amma in ka je ƙofar masana'anta sai ka tarar 'ya'yanmu ne ke sauke kwanduna a rana, masu kula da injin kuwa daga nesa ake ɗauko su, a ba su gida da mota. Da aka ce za mu fara horar da namu, na yi murna irin wadda ban yi ba tun ranar da aka haifi babbarku.

Muka yi shekara guda muna koyarwa da alli da allo. A damina ta biyu aka kawo injin koyo a babbar mota. Tsawonsa bai wuce teburin mai shayi ba. Akwai bel da ke jan gwangwanaye, akwai ido mai ganin gwangwani in ya iso, akwai hannun ƙarfe da iska ke turawa ya ɗauke shi ya ajiye a gefe, sai akwatin ƙwaƙwalwa da maɓallai kore da ja. An naɗe shi da leda tun daga sama har ƙasa, yana ta ƙyalli. Shugaban kwalejin ya zo ya zagaya shi, ya shafa ledar kamar mai shafa kan jariri, sannan ya ce kada kowa ya taɓa sai babban baƙo ya zo daga Kaduna ya ƙaddamar. Aka kawo wani farin ƙyalle aka ƙara lulluɓe shi. Ɗalibai, da yake ba su rasa bakin tsiya, suka sa masa suna Amarya, wai tana jiran buɗar kai.

To, Amarya ta yi ta jira. Aka sa rana, baƙo ya yi tafiya. Aka sake sa rana, aka yi masa rasuwa. Aka sake sawa, siyasa ta kankama, aka ce sai an ga yadda ta kaya. Damina ta wuce, aka yi girbi, aka fara saran rake, ni kuwa kullum ina tsaye a gaban allo ina zana wa manyan mutane hoton abin da ke lulluɓe a bayansu. Ina cewa ga ido nan, ga inda wayarsa ke bi, su kuma suna kwafa. Ban taɓa jin kunyar aikina ba sai a wannan shekarar.

A cikin ajin da zai fita akwai Saude, 'yar wani manomin dankali daga Kudan, mace ɗaya tilo a cikinsu, kuma ta fi su duka kaifin kai da na baki. Wata rana ina cikin zane ta ɗaga hannu.

"Malam, don Allah in yi tambaya?"

"Yi, Saude."

"In mun je neman aiki, allon za mu ɗauka mu tafi da shi, ko kai za ka bi mu da allinka?"

Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi ba, don na san abin da ba su sani ba. A makon nan injiniyan wata masana'antar tumatir da ke shirin buɗe sabon sashe ya same ni ya ce yana son ɗaukar 'yan ƙasa, ya gaji da mutanen da ke tafiya hutu su ƙi dawowa. Amma ya faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa ba ruwansa da takardar shaida. Zai tsayar da kowane ɗalibi a gaban inji, ya ɓata wani abu da gangan, wanda ya gano shi ne nasa. Gwajin kuma kafin azumi. In yaran nan suka je ba su taɓa sa hannu a inji ba, to za a sake ɗauko mutane daga nesa, kuma ba wanda zai ƙara waiwayar kwalejinmu.

Na je ofishin Shugaba na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali da gajiya, na kwashe duk wannan na faɗa masa. Ya saurare ni yana juya makullin mota a yatsa.

"Malam Idi, na ji ka. Amma ka san yadda abubuwa suke. Mutum ya sa baki an kawo mana kaya, sai ya zo ya tarar an riga shi buɗewa? Da wane ido zan dube shi?"

"Ranka ya daɗe, ai don yaran aka kawo. In ya zo ya tarar suna aiki da shi, ba shi ne abin alfaharinsa ba?"

"Kai malami ne, ba ka san manya ba. Sabon abu suke so su gani, da ledarsa. Yaran nan su yi haƙuri, na baya za su amfana."

Na baya za su amfana! Na fito ofishin nan kunnuwana na zafi. Wato waɗannan da iyayensu suka tsame su daga gona suka turo mana, su ba 'ya'yan kowa ba ne, a zubar da su don mutum ɗaya ya ji daɗin yage leda a gaban masu ɗaukar hoto.

Ranar Juma'a na hau babur na tafi Gubuchi wurin Yaya Sule, wanda shi ne ubana tun da mahaifinmu ya rasu. Na same shi a inda ake matse rake ana dafa mazarƙwaila, hayaƙi ya turnuƙe, ƙudan zuma na ta shawagi. Ya ji ni har ƙarshe, ya tofar da ɓawon rake.

"Idi, kayan gwamnati ne ko naka?"

"Na gwamnati ne, Yaya."

"To ka bar musu abinsu. Shekarunka nawa suka rage ka yi ritaya lafiya? Yaran nan in sun samu aiki ba kai za su ciyar ba, in kuma aka kore ka ba su za su riƙe maka gida ba. Kana da baki da yawa a gidanka."

Gaskiya ya faɗa, kuma don ƙauna ya faɗe ta. Na hau babur na dawo gida. Washegari da hantsi mahaifiyarku tana tankaɗe a tsakar gida, ta ga na zauna na tasa koko a gaba har ya yi sanyi. Na gaya mata komai, ina tsammanin za ta bi bayan Yaya, ita da ko bokitin roba ba ta yarda a ɓare masa takarda. Sai ta ajiye rariya ta ce:

"Malam, in ka buɗe, za su ci ka, wannan na sani. In kuma ba ka buɗe ba, kai za ka cinye mu da ƙunci a gidan nan, don na ga yadda kake dawowa tun da aka kawo abin. Ka je ka buɗe. Amma ka sani ba kai kaɗai za ka sha ba, har da ni da yaran nan."

Ku riƙe wannan magana tata. Duk abin da ya biyo baya ta hango shi, kuma ba ta taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya.

Ranar Litinin Shugaba ya tafi wani taro Abuja. Ban yi a ɓoye ba, kada wani ya ce muku na yi sata. Da rana tsaka, ƙofa a buɗe, makullin da hukuma ta damƙa mini a hannuna, na tara ajin na ce Saude ta yaye ƙyallen. Muka yi bismilla muka ɓare leda. Da na danna koren maɓalli bel ya motsa, gwangwani ya tafi, hannun ƙarfe ya yi tsaki ya cafke shi, wallahi wani ƙato daga Malikanchi sai da ya yi kabbara. Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a duk aikina. Ba mai fashi, ba mai gyangyaɗi. Nakan kore su waje in kwance waya ɗaya, ko in rage iska, ko in shafa wa idon baƙin mai, sannan in ce su shigo su nemo. Darasin da na fi nanata musu shi ne na idon. Shi idon nan haske yake harbawa, in hasken ya bugi gwangwani ya dawo masa, sai ya gaya wa ƙwaƙwalwa ga kaya ya iso, a tsayar da bel. Saboda haka duk abin da ya manne a fuskarsa ya mayar masa da haskensa, zai ɗauka gwangwani ne ke tsaye a gabansa, bel kuwa ba zai motsa ba ko za a kwana ana dannawa. Na ce musu in inji ya ƙi tashi, kafin ku kwance komai, ku fara duba idonsa.

Shugaba ya dawo ya tarar da Amarya ba lulluɓi, ga shatin yatsu a jikinta. Abin da ya faɗa mini a gaban ɗalibaina ba zan rubuta shi ba. Ya karɓe makullin a take. Kamar da gangan kuma, a makon nan saƙo ya zo cewa babban baƙo ya sa rana, kuma wannan karon da gaske ne. Sai Shugaba ya yi dabarar da yake ganin ta fi kowace: ya aiki masinja kasuwar Makarfi ya sayo ledar naɗi mai kauri, irin wadda ake naɗe katifa da ita, ya sa leburori su mayar da Amarya sabuwa. Na hango su ta taga suna naɗawa, suna bi lungu-lungu, har da idon, ninki a kan ninki. Na tare Shugaba a baranda.

"Ranka ya daɗe, na ji na ɗauki laifi. A naɗe ko'ina, amma don girman Allah a bar idon a buɗe. In an rufe shi ba zai tashi ba."

"Kai da ka yi ɓarna, kai ne kuma za ka koya mini gyara? Ran da aka kawo shi ba a rufe yake ba? Kada in ga ƙafarka a ɗakin nan ranar taro."

Ranar taro aka kafa rumfuna, aka zo da makaɗa. Ɗalibaina, su kaɗai da suka san injin, aka sa musu riguna iri ɗaya aka jera su a bakin titi su yi wa baƙo tafi. Ni kuma na tsaya a bayan ɗakin tare da direbobi, ina leƙe ta taga. Baƙo ya shigo da babbar riga, aka yanka kirtani, aka yaye farin ƙyalle, aka yage ledar da ke kan bel da maɓallai don ya samu wurin dannawa, sauran aka bar ta tana ƙyalli. Mai gabatarwa yana ta zuba kirari. Baƙo ya danna kore. Fitila ta kama, iska ta yi huci, bel ko gezau. Ya sake dannawa. Ya waiwaya ya dubi Shugaba, ya danna na uku da ƙarfi kamar mai kashe kiyashi. Mai kirari ya yi shiru a tsakiyar magana.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba.

"A cire ledar ido! Ledar ido kawai za a cire!"

Wani ɗan sanda ya riƙe mini hannu ya ja ni baya. Kafin ya janye ni na ga Shugaba ya sunkuya yana raɗa wa baƙo magana a kunne, yana nuna taga. Baƙon ya juyo ya dube ni, kallon da ake yi wa ɓarawon akuya a kasuwa. Daga wannan raɗar zuwa yau, sunana bai sake komawa yadda yake ba.

Aka kafa kwamitin bincike. Na zauna a gabansu na yi musu bayanin haske da ido kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Shugaban kwamitin ya yi dariya har yana share hawaye, ya ce wai injin da aka ƙera a ƙasar waje ne ledar katifa za ta hana shi aiki. Na ce to a ba ni izini mu je tare yanzu, ba na buƙatar sukundireba, farcena ya isa. Suka ce wanda ake tuhuma ba ya taɓa kayan shaida. Na ce to a kira ɗaliba ɗaya ta cire. Suka ce ɗalibai ai 'yan bayana ne. Na ce to wani daga cikinku ya cire da hannunsa. Nan suka dubi juna, aka ce lokacin salla ya yi. A lokacin na gane ba wai ba su fahimta ba ne. Duk wanda ya ɓare ledar nan bel ya motsa, ya tsiraita Shugaba, ya tsiraita baƙo, ya tsiraita duk wanda ya yi tafi ranar. Ya fi musu sauƙi a ce malami ɗaya ya kashe inji. Aka garƙame ɗakin, aka ce kada a taɓa har sai rahoto ya fito, ni kuma aka ce in ajiye aiki.

Sauran kun gan shi da idonku, ko da ba ku san dalilinsa ba. Kun tuna ranar da muka kwashe kaya daga gidan malamai muka koma Gubuchi, ɗakuna biyun da Yaya Sule ya ba mu, bai kuma taɓa ce mini ai na gaya maka ba. Kun tuna na koma gyaran injin ban ruwa a bakin fadama, mahaifiyarku ta fara suyar ƙosai da safe, ita da ba ta taɓa sayar da ko tsinke ba. Kun tuna ana kiran ku 'ya'yan mai kashe inji a makaranta, kuna dawowa da kuka ina ce muku ku yi banza da su. Wannan duka na sani, kuma har gobe yana yi mini ciwo. Amma in kuna jiran in ce na yi nadama, to za ku daɗe kuna jira.

Ga dalili. Kafin azumin nan ɗalibaina suka je gwaji. Saude ta ba ni labari da bakinta, ranar da ta zo gaishe ni da buhun dankali. Injiniyan ya tsayar da ita a gaban wani inji da ya fi ɗakin nan girma, ya ce ya ƙi tashi, ta nemo. Ta ce sai ta ji muryata a kunnenta. Ta zagaya ta duba idon, ta tarar ya manna masa salatif, ta ɓare. Ya ɗauke ta, ya ɗauki da yawa daga cikin ajin. Yau ita ke shugabantar masu kula da injina a sashenta, maza na bin umarninta. Aji ɗaya ke nan, na 'yan makonni. Ku lissafa da kanku azuzuwan da suka shiga kwalejin nan suka fita tun daga lokacin, ni in na fara lissafawa abinci ba ya shiga mini. Saude ta taɓa komawa ta roƙi sabon shugaba ya bar ta ta duba injin kyauta. Ya ce mata rahoton kwamiti bai fito ba tukuna.

Bayan abin da ya faru da Nasiru, na hau babur ban gaya wa kowa ba na tafi kwalejin. Mai gadin sabo ne, bai san ni ba. Na zagaya bayan ɗakin na tsaya a tagar da na tsaya ranar taro. Gilashinta ɗaya ya fashe. Amarya tana nan inda na bar ta, gizo-gizo ya yi saƙa a hannun ƙarfen, ledar da ke idon ta yi jawur don tsufa. A ajin da ke kusa ina jin wani malami yana cewa ga ido nan, ga inda wayarsa ke bi. Wata ɗaliba ta fito shan ruwa ta gan ni, ta rusuna ta gaishe ni da ladabi.

"Baba, wani kake nema?"

"A'a 'yata, injin nan nake kallo. Kuna aiki da shi kuwa?"

"Ai matacce ne, Baba, tun kafin mu zo. An ce wani malami ne ya kashe shi."

Na ce mata Allah ya yi mata albarka, ta wuce. Nasiru, in ka sake haɗuwa da kawun nan, ka gaya masa ubanka bai kashe komai ba, Amarya lafiyarta ƙalau, kuma duk mai farce zai iya tabbatarwa. Da yarinyar ta sha kwana, na naɗe hannun rigata, na zura hannu ta inda gilashin ya fashe, na tura kafaɗa cikin ƙarafunan taga har suka yanke ni. Ina ganin bakin ledar, ya ɗan ɗago, iska na kaɗa shi. Na miƙa, na ƙara miƙawa. Hannuna bai kai ba.